Na ari fushin Turawa a ƙasar Tailan

Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka tun ina ƙarami a Zariya "yaron nan" nake ji a bakinta, har yau da na fara furfura. A gidanmu idan aka sa wa baƙo tuwo sai an yi ta lallashinsa kafin ya sa hannu, ko da da yunwa ya kwana. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, in zai hana ka abu ba ya cewa a'a. "To, Allah ya kai mu," zai ce, kai kuma ka san an gama magana. Cikin wannan kunya da kara na tashi. Na fara da wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri da rashin sani idan ya ji abin da na aikata.

Lissafi na karanta a jami'a. Bayan bautar ƙasa na shekara uku ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, albashin ba ya kai ni ashirin ga wata. Wani abokina da ya yi karatu a Maleshiya ne ya ba ni labarin cewa makarantun gwamnati a Tailan suna ɗaukar baƙi su koyar da lissafi da kimiyya cikin Turanci. Na sayar da babur ɗina, Hajiya ta sayar da sarƙarta. Na yi ta zirga-zirgar Abuja, har da karɓo takardar hukumar NDLEA da ke shaida ba ni da hannu a harkar ƙwaya, domin ɗan Najeriya ba ya samun bizar Tailan sai da ita. A watan Mayu na 2016, daidai lokacin da suke buɗe sabuwar shekarar karatu, na sauka Bankok, na kwana a cikin motar safa zuwa Udon Thani.

Yankin sunansa Isan, arewa maso gabashin ƙasar. Manoma ne, masu cin shinkafa mai danƙo da hannu da barkono kamar ba gobe, matasansu kuma rani na yi sai su tafi Bankok ci-rani. Da na buɗe ido sosai da tun ranar na ga gida. Amma ban buɗe ba. Abin da na gani kawai shi ne idanu a kaina ko'ina na bi, da yara masu shafa hannuna su duba tafinsu ko baƙin ya goge, da harshen da kalma ɗaya ke zama abu biyar gwargwadon yadda ka ɗaga murya. Kaɗaici ya kama ni irin wanda ban taɓa sani ba.

Udon gari ne mai Turawa. Tun zamanin yaƙin Biyetnam da Amurka ta kafa sansanin jiragen yaƙi a nan suka saba da wurin, yanzu kuma tsofaffinsu ne suka cika shi, waɗanda suka auri matan Isan suka zo cin fansho. A ɗakin malamai baƙi na makarantarmu mu shida ne: wani dattijo ɗan Ingila, wani saurayi Ba'amurke, mata uku 'yan Filifin, sai ni. Turawan na ɗaukar baht (kuɗin ƙasar) 35,000 a wata, ni 22,000, matan Filifin 18,000, alhali su ne suka fi kowa aiki. Ba wanda ya ɓoye wannan. Haka tsarin yake.

Dattijon nan ne ya fara gayyata ta majalisarsu. Kowace Juma'a da yamma suna haɗuwa a wani shagon abinci kusa da tafkin tsakiyar gari, su bakwai ko takwas, su da giyarsu, ni da ruwan kwakwa. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan yi ƙarya ba. Ga mutanen da zan yi magana su gane ba sai na yi nuni da hannu ba. Sai dai majalisar ba ta da wani zance sai ƙorafi, kuma kowane mako daga farko ake somawa kamar karatun allo.

Sukan fara da sunan da ake kiransu, farang. Dattijon ya ce shekararsa goma sha huɗu a ƙauyen matarsa, ya gina gida, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya biya wa 'ya'yan 'yan'uwanta makaranta, amma in ya shiga kasuwa "farang ya zo" ake cewa. Daga nan sai ofishin shige da fice: kowane kwana 90 sai baƙo ya kai kansa ya shaida inda yake zaune, ko da ya shekara talatin a gida ɗaya. Mai zaman aure sai ya nuna baht 400,000 a banki kowace shekara, mai zaman ritaya 800,000. Baƙo ba ya mallakar fili. Duk gidajen da suka gina da kuɗin guminsu a kan sunan matansu suke. A lokacin, in ka je gandun dajin Khao Yai, ɗan ƙasa ya biya baht 40, kai ka biya 400, kuma farashin ɗan ƙasa da lambobin harshensu ake rubuta shi. Sai lasifikar mai unguwa da ke tashin ƙauye da asuba, sai karnukan titi, sai masu babur da ke tahowa ta hannun da ba nasu ba suna maka murmushi. Wani Bajamushe, tsohon injiniya, abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne magini ya ce gobe zai zo, sai bayan kwana tara a gan shi, ko haƙuri babu.

Amma babban abin da ke ƙona musu rai shi ne ba a faɗa musu gaskiya ido da ido. Ka tambayi mutum hanya, bai sani ba, amma maimakon ya ce bai sani ba sai ya nuna maka wata. Ka tambayi shugaban makaranta abu, ya ce to, ashe a'a yake nufi. Ka shirya darasi ka shiga aji ka tarar ba kowa, an kwashe yara atisayen wasanni tun safe, kowa ya sani sai kai. Ka kayar da yaro a jarrabawa, a dawo maka da shi a ce ka sake gwada shi har sai ya ci.

Rabin waɗannan abubuwa gaskiya ne, kuma suna da ciwo. Wanda bai taɓa zama a ƙasar da komai daɗewarsa baƙo ne ba, ba zai san nauyin abin ba. Na ga hawaye a idon dattijon nan ranar da ya ce in matarsa ta riga shi mutuwa bai san ko za a bar shi ya kwana a ɗakin da ya gina ba.

Inda na ɓata shi ne sauran rabin. Suna da wani barkwanci da ba ya tsufa, na surukin da kullum ɓaunarsa ta noma ba ta da lafiya, a turo kuɗin magani. Su yi ta dariya cewa matan Isan ba miji suke aure ba, banki suke aure, tunda kowane wata sai an aika wa uwa da uba, ga kuma sin sod, dukiyar auren da ake shimfiɗawa a faranti a gaban jama'a. Ni ma in ƙyalƙyale da dariya har da buga tebur. Ni da kowane ƙarshen wata nake tura wa Hajiya da ƙannena kusan rabin albashina. Ni da aka ƙirga sadakin ƙanwata a gabana. Suna mamakin mutanen da in sun gan ka sai sun tambaye ka ina za ka, ko ka ci abinci, suna cewa shisshigi ne. Ni da na fito daga garin da ake gaisuwa har a tambayi gajiya da iyali da sanyi, ina gyaɗa kai ina cewa wallahi kuwa. Zama da maɗaukin kanwa. Shekara biyu ina wannan majalisa, na iya ƙorafi da Turanci mai kyau, harshen Tailan kuwa bai wuce na sayen abinci ba.

A watan Yuli na 2018 aka kawo wani sabon Bature, yaro ɗan shekara ashirin da uku, wanda ko kusa da lissafi bai karanta ba. Ranar Alhamis na duba allon sanarwa na ga an ba shi azuzuwana na musamman, waɗanda iyaye ke biyan ƙarin kuɗi, ni an mayar da ni azuzuwan gama-gari. Ba wanda ya kira ni ya faɗa mini. Kafin mako ya zagayo hotonsa na kan ƙyallen talla a ƙofar makaranta. Na kai maganar majalisa ranar Juma'a, aka yi mini caa. Ba'amurken ya ce in na yi shiru sun mai da ni tabarma ke nan. Dattijon ya ce mutanen nan ba sa jin magana sai da tsawa. Na kwana biyu ina tafasa.

Ranar Litinin, bayan an ɗaga tuta an rera taken ƙasa ƙarfe takwas, na nufi ofishin sashenmu. Shugabar sashen mace ce mai kimanin shekara hamsin da biyar, 'yar siririya, kullum da tabarau rataye a wuya. Akwai malamai kusan goma a ɗakin, har da ɗalibai masu koyon aikin malanta. Ban gaishe ta ba. Na jefa jadawalin a kan teburinta har ya ture kofin shayinta. Na nuna ta da yatsa. Na ɗaga murya na ce ku mutanen nan ba ku iya komai ba sai murmushi da ƙarya. Kalmomin ba nawa ba ne, na san bakin da na ɗauko su, amma daga bakina suka fita.

Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai fanka. Ta ɗauki takarda ta goge shayin da ya zube, a hankali, sannan ta ɗago ta yi murmushi ta ce, "Jai yen yen, khru." Wato malam, sanyaya zuciya. Na juya na fita ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi. Da yamma majalisa ta yi ta tafa mini ta waya.

Ba wanda ya rama. Kowa na gaishe ni da haɗa tafuka kamar kullum. Sai dai ledar mangwaro ko soyayyar ayaba da nakan tarar a teburina ta daina zuwa. Ba wanda ya sake tambayata ko na ci abinci. In na shiga ɗaki hira ta mutu. Bayan mako biyu babbar cikin matan Filifin ta ja ni gefe ta ce, "Ƙanena, ka san wadda ka ci wa mutunci? Shekara biyu iyayen yara na matsa wa shugaban makaranta su farar fata suke so a ajin da suke biya. Ita ce ta tsaya maka. Wannan karon aka fi ƙarfinta, kunyar faɗa maka ta hana ta kiranka." Suna da kalma a harshensu, kreng jai, jin nauyin mutum har ka kasa faɗa masa abin da zai sosa masa rai. Turawan majalisa sun daɗe suna fassara mini ita da munafunci. A tsaye a wannan baranda na gane kara ce. Kara tamu ta gida. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, ni ne zomon.

Girman kai ya hana ni komawa in ba ta haƙuri. Ana cikin haka, a watan Agusta, tsakiyar damina, zazzaɓi ya kwantar da ni. Na ɗauka na cizon sauro ne irin namu, na yi ta shan maganin da na taho da shi daga gida. Ashe dengi ne, wanda sauronsa da rana yake cizo. Ciwon bayan ido, ciwon ƙashi kamar ana sara da gatari, kwana na uku dasashina ya fara jini. Mai gidan da nake haya, tsohuwa ce da nake kira Pa, kamar a ce gwaggo, ita ta lura takalmina bai motsa daga ƙofa ba kwana biyu. Ta buɗe ɗakin da makullinta, ta kira ɗan ƙanenta da a-kori-kurarsa, suka kai ni asibiti.

Kwana shida na yi. Abincin asibiti kusan duk da naman alade, saboda haka ba na ci. Pa, mabiyar addinin Buda ce, kowace asuba tana fita sa wa limaman addininsu masu jan mayafi abinci a ƙwarya. Sai ga ta da safe da romon naman sa a cikin wata tukunya sabuwa fil, takardar farashi ma ba a ɓanɓare ba. Da hannu da 'yan kalmomi ta fahimtar da ni cewa ta je wajen mahautan Musulmi da ke kusa da masallaci, zuriyar Pathan da suka daɗe da zama a yankin, ta sayo naman, ta kuma sayi sabuwar tukunya da ludayi don kada abin da ya taɓa alade ya taɓa abincina. Ta ɗaura jan zare a hannun tukunyar don kada jikokinta su yi kuskure. Na juya fuskata bango na yi kuka.

Bajamushen nan ya zo duba ni, ya zauna awa guda, Allah ya saka masa. Dattijon ya turo saƙo cewa in duba takardar kuɗi da kyau, suna tsuga wa baƙi. Rana ta huɗu da la'asar ƙofa ta buɗe, sai ga shugabar sashe da kwandon lamyai, wasu 'ya'yan itace masu kama da ɗinya a girma, da ambulan na gudummawar malamai. Ta ja kujera ta zauna tana ɓare mini ɗaya bayan ɗaya tana ajiyewa a faranti. Ta yi zancen ruwan sama, ta ce yara na tambayata. Na buɗe baki zan kawo maganar, ta ɗaga hannu ta ce mai pen rai, ba komai. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da na warke na kira Hajiya na ba ta labari duka, ban rage komai ba. Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Sai ta ce, "Sa'ata ce?" Na ce kusan haka. "A gaban mutane?" Na ce eh. Ta ce, "Yaron nan, a gidan wa ka ga ana haka?" Ba ta ƙara komai ba.

Pa ce ta koya mini yadda ake yi. Ta ce abin da aka ɓata a gaban jama'a, a gaban jama'a ake gyara shi. Na sayi zaren furanni irin wanda suke kai wa manya, na shiga ofishin nan a daidai lokacin da ya cika, na durƙusa kamar yadda zan durƙusa wa Hajiya, na haɗa tafuka na miƙa mata, na faɗi kalmomin ban haƙurin da na kwana ina haddacewa. Ta karɓa. Ledar ayaba ta dawo teburina.

Amma tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. A watan Maris na 2019, da shekarar karatu ta ƙare, shugaban makaranta ya kira ni ya yaba mini ƙwarai, sannan ya ce kasafin kuɗin baɗi bai fito ba tukuna, a dai jira a gani. Wannan karon ba sai an fassara mini ba, muryar mahaifina na ji. Izinin zamana a ɗaure yake da aikin, aiki na ƙarewa ya mutu. Na biya baht 1,900 aka ƙara mini kwana bakwai in tattara kayana. A nan na ga bambancin fushina da nasu. Ba'amurken nan sau biyu yana faɗa da makarantu yana barin aiki. Duk lokacin sai ya hau mota zuwa Nong Khai, tafiyar awa ɗaya, ya haye gadar kogin Mekong zuwa Vientiane, babban birnin ƙasar Laos, bayan kwana biyu ya dawo da sabuwar biza, wata makarantar na jiransa da hannu biyu. Ni mai koren fasfo sai na koma Abuja. Kuɗin jirgi ya cinye ɗan abin da na tara.

Wata bakwai na yi a Zariya ba aikin fari ba na baƙi. Wannan zaman ya fi dengi ciwo. A majalisar unguwa ana ce mini ɗan Tailan, yaushe za a koma, ana haɗa ido. Na ji a bakin wani yaro cewa wai da ƙwaya aka kama ni aka koro ni. Ƙannena da na saba turo wa kuɗi su ke ba ni na cefane a ɓoye. Na daina fita sai masallaci. Akwai daren da na yi niyyar ƙona takarduna gaba ɗaya.

A watan Satumba saƙo ya shigo daga wata makaranta a wata gunduma ta lardin, wadda ban taɓa nema ba. Suna son malamin lissafi, an ba su sunana. Sai da na koma a watan Nuwamba na ji cewa mataimakiyar shugaban makarantar ƙawar shugabar sashenmu ce tun suna kwaleji. Har yau ba ta taɓa ce mini ita ce ba, ni ma ban tambaya ba. Da na ƙara wata huɗu a gida da annobar korona ta rufe iyakoki a kaina.

Ina nan har yanzu. Na koyi harshen, ina karantawa ina rubutawa, yara na dariyar karin muryata. Ba zan ce komai ya gyaru ba. Har gobe Bature marar takarda ya fi ni albashi. In na je Bankok, musamman wajen Nana inda 'yan Afirka ke taruwa, da wuya in dawo ba a tsayar da ni an nemi fasfo ba, Bature na wucewa ta gefena da gajeren wando. Wannan zalunci ne, murmushi bai canza masa suna ba. Sai dai da na so ƙarin albashi, wani dattijon malami na samu na kai masa gaisuwa, shi ya kai maganar sama. Zango guda aka ɗauka, aka ƙara mini baht 4,000, ba wanda ya ji kunya. In na je gaida Pa takan sauko da tukunyar nan daga saman kabad, jan zaren ya koɗe amma yana nan.

Bara na haɗu da dattijon nan a layin ofishin shige da fice. Ya rame, yana dogara sanda. Auren ya mutu, gidan ya zauna wa matar, shi yana haya a ɗaki ɗaya cikin gari. Fanshon gwamnatin Ingila ba a ƙara wa wanda ke zaune a Tailan ko kwabo, yadda ya fara karɓa haka yake karɓa, kullum cikin fargabar haɗa 800,000 yake. Ma'aikaciyar ta dawo masa da takardunsa tana bayani, bai gane ba, na ga wuyansa ya fara ja, murya ta fara hawa. Na dafa hannunsa na ce jai yen yen. Ya juyo ya kalle ni kamar na zage shi, sai kuma ya yi dariya. Ashe kwafin shafi ɗaya ne na littafin banki ya ɓace. Na raka shi shagon da ke tsallaken titi muka yi, baht biyu.

Da muka fito ya riƙe hannuna ya ce majalisa na nan, wuri ɗaya, rana ɗaya, ko da yake mutum uku sun mutu, lallai in zo wannan Juma'ar. Na yi murmushi na ce masa du kon na, bari dai mu gani. Ya ce madalla, sai ya gan ni ƙarfe shida.